Rarraba Marayu a Gidajen Baffanni Ba Zumunci Ba Ne

Da an yi sadakar arba'in, an naɗe tabarmin zaman makoki, sai manyan gida su zauna a zaure a kan maganar yara. Babban wan mamacin ya ɗauki namiji babba. Ƙanensa da ke aiki a Kaduna ya ce a ba shi mai bi masa. Gwaggo ta ce ita dama tana son macen, za ta taya ta aikin gida. Sai na goye kaɗai ake bar wa uwar, shi ma da sharaɗin in ta yaye shi a kawo shi. Uwar tana cikin ɗaki tana takaba, ba wanda ya tambaye ta. Kafin wata 4 da kwana 10 su cika, yaran da suke cin tuwo a kwano ɗaya sun watse gari uku.

Jama'a na yaba wannan tsari. Ana cewa ɗa na kowa ne, maraya ba ya rasa gida a ƙasar Hausa, dangin uba sun rufa asiri. Akwai ma masu ɗauka cewa addini ne ya ce a yi haka. Addini bai ce ba. Kuma abin da ake yi wa yaran nan shi ne a ƙara musu rashi na biyu a kan na farko: Allah ya ɗauki ubansu, mutane kuma sun raba su da uwarsu da 'yan uwansu da gidan da suka sani, duk a cikin 'yan makonni.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai sun ishe mu hujja. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ta ba uwa haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani bare, reno ya koma ga kakar yaran ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwar. Sai an rasa waɗannan ake waiwayar 'yan uwa mata da gwaggwanni, sannan maza na dangin uba su zo a can ƙarshen layi. Mukhtasar na Khalil ma a kan wannan turba yake. Wato baffan da ke fara miƙa hannu a zaure yana cikin waɗanda fiƙihun Malikiyya ya ajiye daga baya.

Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo shari'ar da ya kamata kowane magidanci ya sani. Sayyidina Umar ya ga ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan ya rabu da mahaifiyar yaron, ya ɗora shi a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Halifa Abubakar, shi kuwa ya yanke a bar mata yaron. Umar bai yi jayayya ba. Uba ke nan da ransa, kuma Umar ne. In aka ce wa uba irin wannan ya sakar wa kaka yaro, da wace hujja baffa zai karɓe shi daga hannun uwar da ta haife shi?

Masu kare al'adar sukan ce ai Manzon Allah (SAW) ma a hannun baffansa Abu Ɗalib ya girma. Haka ne, amma su bi tarihin a jere. Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Bayan shayarwar Halima, wurin mahaifiyarsa Amina aka mai da shi, yana tare da ita har ta rasu a Abwa yana ɗan shekara 6. Sannan ne kakansa Abdulmuɗɗalib ya ɗauke shi, sai da kakan ma ya rasu, Manzon Allah yana ɗan shekara 8, riƙo ya koma hannun baffa. Babu wanda ya raba shi da uwa tana raye don kawai ubansa ya mutu.

Abin da ido ke gani a unguwa, bincike ma ya tabbatar da shi. A 2004 masu bincike uku, Anne Case da Christina Paxson da Joseph Ableidinger, sun wallafa nazarin da suka yi a kan gidaje a ƙasashen Afirka 10. Sun gano maraya ya fi fuskantar rashin shiga makaranta ko da an kwatanta shi da yaran da suke kwana gida ɗaya da shi, kuma duk sa'ad da dangantakarsa da mai gidan ta ƙara nisa, damarsa ta ƙara raguwa. Talaucin gida kaɗai ba zai bayyana wannan ba, tun da tukunya ɗaya ce. Wanda ya zauna a gida mai ɗan riƙo ya san wa ake tasa da asuba ya ɗebo ruwa, wa ake ɗora wa farantin talla, wa ake ce wa ya jira zango mai zuwa in kuɗin makaranta bai isa kowa ba. Sau da yawa ma baffan bai sani ba. Shi ya yi alkawari a zaure, ya fita kasuwa. Wadda aka bar wa aikin matarsa ce, wadda ba a yi shawara da ita ba, ga nata yaran, ga cefanen da bai ƙaru ba.

Sai kuma maganar da ta fi kowace cutarwa: yaro ne, zai manta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta kwashe yara daga birane zuwa ƙauyuka don tsare su daga bama-bamai. Anna Freud da Dorothy Burlingham, waɗanda suka kula da gidajen renon yara a Hampstead ta Landan, sun rubuta cewa ƙananan yara sun fi jure ruwan bama-bamai in suna tare da uwayensu, a kan a raba su da su a kai su inda ake zaman lafiya. Yaron da ya daina magana bayan an kai shi gidan baffa, ko ya koma fitsarin kwance yana ɗan shekara 7, ba taurin kai yake yi ba. Makoki yake yi, a gidan da ba wanda zai rungume shi, sai dai a ce masa ya yi haƙuri, shi namiji ne.

Akwai hujjoji biyu masu nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma sun cancanci amsa. Ta farko, uwar ba ta da abin ciyar da su. Gaskiya ne, tumunin takaba ba ya zuwa ko'ina, musamman in mata biyu ko uku za su raba shi. To amma baffan da zai iya ciyar da yaro a gidansa zai iya aika wannan kwanon masarar gidan uwar. Kuma in mamacin ya bar dukiya, kaso mafi yawa na yaran ne, daga ciki za a ciyar da su a duk inda suke. A nan ne wani lokaci gaskiyar take fitowa: wanda yaro ke hannunsa, gona da shago da filin yaron ma suna hannunsa. Alhali a Malikiyya kula da dukiyar maraya na wasiyyin da uba ya naɗa ne, in babu shi sai alƙali, kuma Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi mai tsanani a kan cin dukiyar maraya, ta umarci a kafa shaidu ranar miƙa ta.

Ta biyu, uwar za ta yi wani aure, yaran su zama agola. Wannan ma yana faruwa, kuma laifin yana kan mazan da ke son bazawara amma ba sa son ganin yaranta a tsakar gida. Su tuna Ummu Salama ta shiga gidan Manzon Allah da marayun Abu Salama, a can suka girma. In ma sabon auren ya hana, shari'a ta riga ta nuna inda za a kai su: wurin kaka, su duka tare, inda uwarsu za ta shiga ta fita ba tare da neman izinin matar wani ba.

Ba a musun cewa akwai baffanni da gwaggwanni da suka riƙi marayu har ba ka bambanta su da 'ya'yan cikinsu. Allah ya saka musu. Amma ba a gina makomar yaro a kan fatan zai dace da irinsu.

Borno ta nuna wata hanya a cikin mafi munin yanayi. A 2017 gwamnatin jihar ta ce rikicin Boko Haram ya bar marayu sama da 50,000 da matan da aka kashe wa maza su ma sama da 50,000. Barista Zannah Mustapha, wanda ya buɗe makarantar Future Prowess a Maiduguri a 2007 da yara 36, ya ba marayu karatu da abinci da kayan makaranta kyauta, ya kuma kafa wa matan da suka rasa maza ƙungiyar sana'a don su tsaya da ƙafarsu. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Ya gane cewa mai son ɗaga maraya sai ya ɗaga uwarsa.

Limaman da ke wa'azi a zaman makoki su ƙara babin reno a kan babin haƙuri, su faɗa wa dangi a bainar jama'a wa ya fi cancanta da yaran. Masu unguwa da dagatai su ƙi halartar duk zaman da za a yanke makomar marayu ba tare da an ji ta bakin uwarsu ko waliyyinta ba. Alƙalai kuma, in aka kawo rabon gado da ƙananan yara a ciki, su rubuta kason kowane yaro da sunan wanda zai kula da shi, su jinkirta sayar da gidan da marayu ke kwana a ciki har sai an nuna musu inda yaran za su koma tare da uwarsu.