Gudun Fanfalaki: Zuciya Ke Kai Ƙafa

Duk wanda ya zauna a Agege ya san samarinmu ba su da ƙarancin ƙarfi. Dubi mai tura kurar ruwa, ko ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12. To amma a ra'ayina, matashin da ke son shiga gudun fanfalaki na Legas ya fi buƙatar horar da zuciyarsa.

A watan Fabrairun 2016 aka fara wannan gasa. Masu gudu suka tashi daga babban filin wasa na Surulere, suka bi ta doguwar gadar Third Mainland, wadda ta haura kilomita 11 ba inuwa, suka ƙare a Eko Atlantic. Tsawon tafiyar kilomita 42 ne da 'yan kai, kuma Abraham Kiptum na Kenya ne ya zo na ɗaya.

Masana sun nuna cewa wajen kilomita 30 sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa. Nan ƙafa ke yin nauyi, zuciya ta fara raɗa wa mutum ya tsaya. Wanda bai taɓa jin wannan raɗa ba a lokacin atisaye, ranar gasa za ta kayar da shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka fito gudu bayan sallar asuba, ka koyi farawa a hankali ko da yara sun wuce ka, domin sannu ba ta hana zuwa. Ka riƙa yanka tafiyar gunduwa-gunduwa, daga wannan turken lantarki zuwa na gaba, kana ƙirga numfashinka. Ka kuma nemi abokin gudu, don kunyar idonsa za ta tashe ka ranar da kasala ta kama ka.

Sai dai mu ɗaliban harshe mun san Bahaushe ya bambanta juriya da taurin kai. Gajiya ana daure mata. Jiri da ciwon ƙirji da ɗaukewar gumi a tsakiyar zafi kuwa, alamu ne na a tsaya a nemi likita. Wanda ya tsaya a nan ya tsira da lafiyarsa, kuma baɗi ma akwai gudu.

Allah ya ba mu juriya, amin.