Wa Ya Rage wa Jarumina Ƙarfi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu dara a gindin bishiya, a Maikujera ko a kasuwar Wurno, ya san dokar nan: gidaje 30 ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma ba a yarda mutum ya jera uku ba tun ana zubi. Ba don ado magabata suka kafa ta ba. Da babu ita, da wanda ya fara zubi ya riƙa ci tun wasa bai kankama ba. Wannan matsala ta daidaita ƙarfi ita ce ke hana masu ƙera wasannin intanet barci.

A irin waɗannan wasanni ɗan wasa yakan zaɓi jarumi daga rukunoni daban-daban: akwai mayaƙi mai jure sara, akwai maharbi mai illa daga nesa amma ba ya jure duka, akwai kuma mai warkar da abokan yaƙi. Idan rukuni guda ya fi sauran ƙarfi, kowa sai ya koma can, wasa ya lalace. Saboda haka kamfanoni suna bin ƙididdiga. Jarumin da aka daidaita sosai ya kamata ya ci kimanin wasa 50 cikin 100. Idan ya zarce ƙwarai a rage masa, idan ya gaza a ƙara masa.

To amma ƙididdiga tana da tarko, kuma a nan ya kamata ɗalibin lissafi ya buɗe ido. Jarumi mai wuyar sarrafawa yana iya shan kashi a hannun 'yan koyo, alhali a hannun gwanaye ba ya tsayuwa. In aka haɗa sakamakon duka biyu sai ya fito 50 cif, a ce lafiya lau, alhali kuwa ko'ina ba lafiya. Shi ya sa a 2019 kamfanin Riot Games, mai wasan League of Legends, ya bayyana cewa yana auna jarumansa a matakan ƙwarewa huɗu, daga gama-garin 'yan wasa har zuwa masu wasan sana'a.

'Yan wasa kuwa ba su cika yafe ragi ba. Vitalik Buterin ya ba da labarin cewa ya yi kuka da kamfanin Blizzard ya rage ƙarfin wani tsafin jaruminsa a World of Warcraft, ya bar wasan, daga baya ya ƙirƙiro Ethereum, tsarin da ba ya hannun kamfani guda. A ganina, a irin wannan rigima kamfani ne ke da gaskiya. Mai kukan an rage masa ƙarfi ba ya tuna waɗanda yake ta lallasawa ba don ya fi su iyawa ba.

Inda nake jayayya shi ne inda kuɗi ya shigo. A Disamban 2020 kamfanin Garena ya fito da Chrono a wasan Free Fire, jarumin da aka zana da kamannin Cristiano Ronaldo. Yana da garkuwa mai tare harsashi, kuma yana iya harbi daga cikinta. Jama'a suka yi rububinsa, da yawa da kuɗinsu. A cikin 2021 aka yi ta rage shi, har aka hana shi harbi daga cikin garkuwar. Ragin daidai ne. Amma kamfanin da ke riƙe da ƙididdigar miliyoyin wasanni, anya bai san ƙarfin ya yi yawa ba tun ranar farko? Masu dara ba su taɓa sayar wa wani ɗa na 13 ba, balle su ƙwace shi bayan an biya.

Ɗalibin da ke shirin zuba kuɗin makarantarsa a kan jarumi ya sani cewa aron jarumin aka ba shi, kuma mai shi yana iya sauya shi gobe da safe ba tare da ya maido ko kwabo ba.