Wa aka yi wa gargaɗin, wa aka yi wa busharar?

Tun da Boko Haram suka kawo hari Difa da Boso ranar 6 ga Fabrairu 2015, akwai wa'azi guda da ba ya tsufa a garin nan: wai abin da ya same mu azaba ce, zunubinmu ne ya jawo. Komadugu ta cika ta ci gonakin tattasai a 2019, aka ce azaba ce. Ta sake a 2022, aka ce ba mu tuba ba. Sai kuma da dare a kunna rediyo a ji wani malamin yana cewa rahamar Allah ta fi ƙarfin komai. Shi ya sa a fadarmu wasu kamarad suka fara cewa, a hankali don kar a ji, to wanne za mu ɗauka? Littafi guda ya tsoratar, ya kuma lallasa, ba karo ke nan ba?

Ni ina ganin tambayar halal ce, kuma wanda ya yi ta bai kafirta ba. Amma karon da suke ji, a lasifika yake.

Ku buɗe ku duba da wa ake magana. Labaran halaka da ke cikin Alƙur'ani suna da masu su: Fir'auna mai yanka jarirai, Ƙaruna mai taƙama da dukiya, mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu ya yi fama da su kan tauye mudu. Sura sukutum, Muɗaffifina, ta buɗe ne da masu algus a awo. Surar Duha kuwa ta sauka don a kwantar wa Annabi (SAW) da hankali lokacin da wahayi ya yi jinkiri, aka tuna masa maraicinsa, aka hana wulaƙanta maraya da mai roƙo. Ke nan kowace magana da adireshinta. Abin da ake yi mana a nan shi ne an musanya ambulan. Takardar Fir'auna an kai wa tsohuwar da aka kwaso daga tsibiran tafkin Cadi a watan Mayu 2015, ta taka har Gigime da ƙafa. Takardar maraya kuma an miƙa wa mai sahun gaba, wanda ya ɓoye hatsi sai tiya ta yi tsada, don shi ya sayi tabarmin masallaci.

Haba malam! Matan Ngalewa da aka sace a 2017, wane laifi suka yi da ya fi na wanda ke sayar da buhun agaji a kasuwa? Mutanen Tumur da aka ƙone wa gari a Disamba 2020, sallarsu ce ba ta kai ta ƴan birni ba? In masifa ce ma'aunin zunubi, to a faɗa mana zunubin Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, waɗanda annobar Amwas ta kashe a zamanin Sayyidina Umar. A faɗa mana na Annabi Ayuba. A shekarar yunwar da ake kira Ramada, Umar ya fita roƙon ruwa, gaskiya ne, amma ya kuma aika wa Amru ɗan Asi ya turo abinci, shi da kansa ya daina cin mai har talakawa su samu. Bai hau mimbari ya ce wa mayunwata ku ne sanadi ba.

Za a ce mini ai fitina in ta zo ba ta zaɓe, kuma kowa na bukatar tuba. Na yarda, ni ma ina istigfari. Sai dai faɗin "azaba ce" yana da wani amfani da ba a son a ambata: yana rufe bakin tambaya. In azaba ce, ba wanda zai tambayi me ya sa madatsar da aka yi alkawari ba ta tsaya ba. Ba wanda zai tambayi yadda dokar ta-ɓaci ta hana kabu-kabu da cinikin kifi da na tattasai, ta bar samari zaune bakin kwalta, daga baya a zo ana mamakin wasunsu sun bi daji.

Akwai wurin da maganar ta fi ciwo, ba zan tsallake shi ba. A Gudumariya an buɗe wa tubabbun Boko Haram cibiya, an koya musu sana'a, an sallame su. Wadda aka kashe wa miji tana rumfar leda a Sayam, tana jin labari. Ƙofar tuba a buɗe take, wannan ba ni zan rufe ta ba. Amma malamanmu da kansu sun karantar da mu cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai an biya ko mai shi ya yafe. Wa ya je ya tambaye ta? Mai bindiga an karanta masa ayar gafara, ita kuwa har yau ta gargaɗi ake karanta mata, daga bisani a ce ta yi haƙuri.

Juma'a mai zuwa, in aka sake cewa zunubinmu ne, ku jira a sallame, ku gaida liman da ladabi, ku ce: Allah gafarta malam, zunubin wa, a cikinmu?