Filin Sana'a: Yadda Ake Ajiye Na'urar Neman Zinariya Da Batirinta

 Yau za mu yi magana ne a kan na'urar nan mai gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, wadda matasanmu suka fi sani da na'urar neman zinariya, da kuma yadda ya kamata a adana ta idan za ta yi watanni ba a taɓa ta ba.

Tun da aka ga zinariya a Tibesti a 2013, da Jado ta ƙasar Nijar a 2014, da yankin Batha a 2016, 'yan'uwanmu da yawa suka shiga wannan nema. Babbar na'ura, irin GPX ta kamfanin Minelab na ƙasar Ostiraliya, kuɗinta kan kai miliyoyin sefa, kuma sau da yawa dangi ne ke haɗa kuɗin, wani ya sayar da sa, wata ta sayar da 'yan kunnenta. Ke nan idan ta lalace, asarar ta gida guda ce.

A ƙasashen Turai da hunturu ake ajiye wannan na'ura, domin ƙasa kan daskare har ba ta haƙuwa. Mu kuwa lokacin ajiyarmu shi ne sa'ad da damina ta faɗi aka dawo gida noma, ko kuma zafin bazara ya kori mutane daga daji. Sanyi bai cika cutar da batirin da ke ajiye ba. Zafi da laima su ne abokan gabansa, kuma su muke da su a yalwace. Saboda haka mu ne muka fi Turawa bukatar yin hattara.

Abu na farko, a cire batir daga jikin na'ura. Ko da an kashe ta, na'urori da yawa suna ci gaba da tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, yau da gobe sai batir ya ƙare ƙarƙaf. Idan kuwa ƙananan batura ne waɗanda ba a cajinsu, sukan yi yoyo, su zubo da wani farin gari mai cin ƙarfe, ya cinye bakin da wuta ke bi. Wanda ya tarar da haka, ya goge da auduga da ɗan ruwan lemun tsami, ya bari ya bushe sarai, kuma kada ya bari garin ya shiga idonsa.

Abu na biyu, mutum ya san irin batirin da yake da shi, domin kowanne da nasa hali, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

Batirin litiyom, wanda manyan na'urorin yanzu ke aiki da shi, ba ya son a ajiye shi a cike, ba ya kuma son a ajiye shi wayam. A cike cikin zafi yakan tsufa da wuri, wanda ke kai mutum yini guda ya koma rabin yini. Wayam kuwa, idan kowane ɗan tulu na cikinsa ya sauka ƙasa da kamar bolt 2.5, yana iya ƙin karɓar caji har abada. Abin da ya dace shi ne a bar shi tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, a riƙa duba shi duk bayan wata biyu ko uku, in ya sauka a ɗan ƙara masa. Na'urar da batirinta ke manne a ciki ba ya ciruwa, ita ma haka za a yi mata.

Ƙananan batura masu caji da aka rubuta NiMH a jikinsu, masu bolt 1.2, su zubar da wuta ne halinsu. Na gama-gari kan rasa kusan kashi 20 cikin 100 ko fiye a wata guda, ko ba a yi aiki da su ba, kuma zafi na ƙara saurin abin. Akwai masu riƙe wuta, irin Eneloop da ya fito a 2005, waɗanda kan shekara da mafi yawan cajinsu. A cika su kafin ajiya, a sake cikawa bayan wata uku. A kuma bar kowane rukuni tare, kada a gauraya tsoho da sabo, domin mai rauni shi ke fara mutuwa ya ja sauran.

Sai batirin dalma, irin na mota, wanda ake zuwa da shi daji don cajin kaya da hasken rana. Shi a cike yake son zama. Mai bolt 12, idan ya cika yakan nuna kamar 12.6. Idan ya sauka ƙasa da 12.4 a mayar da shi caji, in ba haka ba wani gishiri zai kama farantan cikinsa, ƙarfinsa ya tafi. Wannan a duba shi kowane wata.

Abu na uku shi ne wurin ajiya. A Injamena zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, balle a ɗakin kwano ko cikin motar da ke tsaye a rana. A nemi ɗakin ƙasa mai inuwa, inda ruwa ba ya yoyo, nesa da murhu da jarkar fetur. Kada a zuba batura a gwangwani ɗaya da makullai ko silalla, domin ƙarfe na iya haɗa bakin biyu wuta ta tashi. A rufe bakin kowanne da salatif. Batirin litiyom da ya kumbura kuwa, kada a sake sa shi a caji, a fitar da shi daga ɗakin kwana.

Ita kanta na'urar, a cire murfin faifanta a karkaɗe yashin da ya taru, a sassauta wayar da ke naɗe a sanda, a goge ko'ina da busasshen tsumma. A rataye ta ko a ɗora a bisa, saboda ɓera da gara, domin ɓera na son waya kamar yadda yake son daddawa.

Shawara ta ƙarshe ga wanda zai yi tafiya ya bar na'ura a gida: ya rubuta ranar caji a takarda ya manna a jikin batir, ya kuma damƙa amanar dubawa ga mutum ɗaya tak, domin aikin kowa da kowa ba mai yin sa. Kafin a koma daji da mako guda a cika batura, a gwada na'urar a tsakar gida da zobe ko silalla. Gara a gane matsala a gari, inda akwai mai gyara, da a gane ta bayan tafiyar kwana uku cikin hamada. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.