Fitilar Birki Ta Kama: Wace Na'ura Mai Mota Zai Saya?

Tun bayan janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, hankalin masu sayen mota ya ƙara karkata ga motocin nan masu haɗakar inji da batir, waɗanda ake kira haibirid. Jagabarsu ita ce Toyota Prius, wadda ta fara fitowa a Japan a 1997. To amma ranar da fitilar birki ta kama a allon gaban direba, sai mai mota ya shiga kasuwa neman na'urar da za ta gaya masa abin da ke damun motarsa. A nan ne mutane da yawa suke yin asarar kuɗi, wasu kuma su jefa rayukansu cikin haɗari.

Da farko ya kamata a san cewa birkin haibirid iri biyu ne a haɗe. Idan direba ya taka a hankali, injin lantarki yakan koma janareta, ya rage gudun mota, ya kuma mayar da ƙarfin tafiyar zuwa batir. Idan aka taka da ƙarfi, ko gudu ya ragu sosai, sai birkin mai irin na gargajiya ya karɓa. Kwamfuta ce ke raba wannan aiki, tare da wani famfo na lantarki da ɗan tulu mai adana matsin man birki. Matsalar wannan tulu ce ta sa Toyota ta yi wa motoci kimanin 242,000 kiranye a 2013.

Kusan duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ta tsarin OBD-II. Sai dai abin lura shi ne, an kafa wannan doka ne saboda hayaƙin mota, ba saboda birki ba. Lambobin cuta kashi huɗu ne: masu farawa da P na inji da giya, B na jikin mota, U na sadarwa tsakanin kwamfutoci, C kuma na birki da sitiyari da dangoginsu. Ƙananan na'urori masu araha, irin masu ɗauke da sunan ELM327, idan aka haɗa su da manhajar waya ta gama-gari, galibi lambobin P kaɗai suke karantawa. Saboda haka fitilar birki tana ci, na'ura kuwa ta ce babu matsala. Wannan amsa ta fi rashin amsa muni, domin tana kwantar da hankalin da bai kamata ya kwanta ba.

Ke nan tambayar da mai saye zai yi ba ta kuɗi ba ce. Ya tambaya ko na'urar tana shiga kwamfutar birki ta irin motarsa da shekarar ƙirarta, kuma a gwada a gabansa kafin ya biya. Manhajar Techstream ta Toyota tana yin haka, haka ma wasu na'urorin Autel da Launch masu karanta dukkan sassan mota. Kalmar ABS da aka buga a jikin kwali ba hujja ba ce.

Alal misali, a Prius lambar C1256 tana nuna ƙarancin matsi a tulun, C1391 tana nuna matsin yana zurarewa, C1241 kuwa ƙarancin wuta ce, wanda sau da yawa daga ƙaramin batir mai bolt 12 yake. Ta ƙarshen nan gyara ce mai sauƙi. Na farkon biyu kuwa kuɗi ne mai tsoka. Na'urar da ta iya bambance su ta biya kuɗinta.

Ɗalibin ilimin halittu zai gane wannan nan take. Zazzaɓi alama ce, ba cuta ba. Gwajin jini ne ke nuna ko ƙwayar maleriya ce ko wani abu daban. Wanda ya danna maɓallin goge lamba don fitila ta mutu, daidai yake da wanda ya sha farasitamol ya ce ya warke. Hasali ma ya ɓata wa makanike shaida, domin kwamfuta takan adana yanayin da mota take ciki a lokacin da cutar ta bayyana. A rubuta lambar, ko a ɗauki hotonta, kafin a taɓa komai.

Akwai kuma iyakar da na'urar gida ba ta tsallakewa. Fitar da iska daga birkin irin wannan mota yana bukatar na'urar da ke ba famfo da bawul umarni, da kuma hannun wanda ya ƙware. Wayoyi masu ruwan lemo na babban batir ne, wanda a Prius ta 2004 ya zarce bolt 200; ba wurin gwaji ba ne.

Jar fitila takan kama don birkin hannu bai sauka ba, ko man birki ya yi ƙasa, kuma ido ya isa ya duba waɗannan. Amma idan ta kama tare da ƙara mai ɗorewa, ko birki ya yi tauri a ƙafa, to a sauka gefen hanya a kashe mota. Karatun lamba sai bayan an jawo ta zuwa gareji.