Yaranmu Sun San Zobi, Ba Su San Dabo-Dabo Ba



Wata Alhamis a kwanakin baya, bayan kasuwar Maigatari ta watse, motocin shanu sun kama hanyar Kudu, ƙura ta lafa, na dawo gida a gajiye na baje a tabarma. Ko hula ban cire ba 'ya'yan yayata uku suka tsaya a kaina: "Kawu a kunna mana." Don in samu lafiya na lalubo musu wani yanki na Dandalin Sesame a waya, na jingina ta da kwanon sha na koma gefe. A cikin minti goma na ga martani iri uku a tsakar gida ɗaya, kuma su ne suka sa na ɗauki alƙalami a wannan makon.

Yaran dai dariya suke har da faɗuwa. Yayanmu babba da ya shigo ɗaukar buta ya leƙa, ya yamutsa fuska ya ce, "Kai ma da iliminka gumaka kake nuna wa yara?" Ita kuwa kakarmu, wadda ido ya fara yi wa nauyi, sai ta jawo wayar har kusa da hancinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai maigida, ai wannan dabo-dabo ne. Ashe Turawa ma sun iya?"

Ga wanda bai san shirin ba, asalinsa Sesame Street ne na Amurka, wanda aka fara nunawa a 1969. A watan Mayun 2011 aka fara nuna na Nijeriya a NTA da sunan Sesame Square, da tallafin hukumar USAID, daga baya aka samu na Hausa. Taurarinsa 'yan tsana ne guda biyu. Akwai Kami, yarinya 'yar shekara biyar mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, wadda aka fara ƙirƙira a Afirka ta Kudu a 2002, sai Zobi, wani shuɗi mai gashi buzu-buzu, direban tasi, wanda ba abin da yake so a duniya irin doya. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma na lura da inda yaran suke dariya: muryar Zobi, zare idonsa, da yadda yake rawar kai. Zancen doya bai taɓa su ba. Yaron da ya tashi a kan fura da tuwon gero, doya a wurinsa abin da ake gani ne a bayan mota ranar kasuwa. Da Zobi mayen fura ne, da dariyar ta ninka.

Na koma kan kakata na ce ta ba ni labarin dabo-dabo. Ta ce suna yara, bayan an gama girbi, wani mutum yakan zo gari ranar kasuwa ko lokacin biki. Sai ya kafa sanda ya lulluɓa da babbar riga, ya shige ciki, 'yan mutane na tsumma da itace su riƙa leƙowa ta wuyan rigar suna magana da wata siririyar murya, makaɗi na gefe yana amsa musu. Akwai mace mai tsiwa, akwai ɓarawo, akwai malamin da ke son abin duniya. Manya na dariyar habaicin, yara na tsoro suna kuma matsowa. A tsallaken iyaka, wajen 'yan uwanmu na Nijar, ɗiyan dabo suke ce musu. Ta ce rabonta da gani tun kafin ta haifi babanmu.

Ni da na yi difloma, na kuma shekara huɗu ina zuwa taron ƙungiyar marubuta, ban taɓa jin an ambaci wannan wasa a zamanmu ko sau ɗaya ba. Muna ta musu a kan ko jaruma za ta auri mai kuɗi ko talaka.

Da ma akwai fim ɗin da ya daɗe yana raina a kan wannan batu na dawo da abin da aka manta, wato The Muppets na 2011. Jim Henson ne ya ƙirƙiro waɗannan 'yan tsana, shirinsu na talabijin ya yi tashe daga 1976 zuwa 1981, shi kuma ya rasu a 1990. Kamfanin Disney ya saye su a 2004. Kafin 2011 rabon da a ga fim ɗinsu a sinima tun 1999, shekara 12 ke nan, har an haifi yara an yi musu kaciya ba su san kwaɗon nan Kermit ba. Jason Segel da Nicholas Stoller, waɗanda suka rubuta sabon fim ɗin, ba su ɓoye wannan rauni ba, sai ma suka mayar da shi jigon labarin. An nuna 'yan tsanar sun watse kowa ya kama gabansa, tsohon gidan wasansu ya yi yana, wani attajirin mai zai rushe shi, sai sun tara dala miliyan 10 kafin su cece shi. Suka kuma ƙirƙiro sabon ɗan tsana, Walter, mai ƙaunarsu tun yana ƙarami, domin wanda bai san su ba ya bi bayansa ya shiga gidan.

Martanin masu kallo shi ne abin dubawa. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 45 ya tara wajen miliyan 165, ɗaya daga cikin waƙoƙinsa kuma ta ci kyautar Oscar a 2012. Iyaye ne suka fi ɗoki, su ne suka ja yaransu zuwa kallo, da yawansu suna ba da labarin yadda suka yi ƙwalla da suka ji tsoffin waƙoƙin ƙuruciyarsu. Amma ba kowa ya yi murna ba. Frank Oz, tsohon abokin aikin Henson, ya ƙi shiga fim ɗin, ya ce rubutun bai yi masa ba. Har a tashar Fox Business an samu mai gabatar da shirin da ya ce ana cusa wa yara ƙin masu kuɗi da kamfanonin mai. Da na ga wannan sai na tuna da Yaya da butarsa. Ashe ko'ina ka ɗaga ɗan tsana sai an samu wanda ya hango makirci a bayansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Da aka yi ci gabansa a 2014, Muppets Most Wanted, kuɗin da ya tara bai wuce rabin na farko ba. A fahimtata, babban abin da ya cika sinima a 2011 kewa ce, ita kuwa kewa sau ɗaya take sayen tikiti. Mutum ya je ya ga abokan ƙuruciyarsa, ya yi kukansa, ya gamsu. Zuwa na biyu sai in yaron da ke gefensa ne ya tayar da rigima a kai shi.

Mun ga irin wannan a gida. Da FKD suka sake yin Mujadala a 2018, na kalle shi a cikin abokai, kuma tun kafin a kai rabi ɗakin ya rabu biyu. Waɗanda suka girme mu, da suka kalli na asali a kaset, ba abin da suke yi sai awo: wannan bai kai marigayi Ahmad S. Nuhu ba, waccan waƙar an ɓata ta. Ba fim ɗin suke kallo ba, samartakarsu suke nema, kuma ba daraktan da zai iya dawo musu da ita. Mu kuwa da ba mu da abin kwatantawa, Umar M. Shareef muka zo gani, mun kuma gan shi.

To a nan ne lissafin dabo-dabo ya bambanta. Masu kewarsa su ne su kakata, kuma ba su da waya, ba su da data, ba su da sauran shekaru masu yawa, Allah Ya ƙara musu lafiya. Duk wanda zai dawo da shi ba shi da taron iyayen da za su zo don tuna baya. Yaro zai fuskanta kai tsaye, ɗan shekara shida wanda ya riga ya saba da fassarar Algaita da zanen katun, wanda in ka gundure shi ba ya jin kunyar tashi. Wannan ya sa nake ganin aikin namu ne, marubuta, kafin ya zama na masu kyamara. Ɗan tsana safa ce da maɓalli biyu. Abin da zai faɗa shi ne tsadar.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Muna da Gizo, wanda Bahaushe ya riga ya ba shi murya tun kafin a san rediyo: tsamin bakin nan nasa kaɗai ya isa yaro ya gane shi ko daga bayan zana yake magana. Muna da Ƙoƙi mai haƙuri da shi, da Kura mai kwaɗayi da wauta, da Dila malamin daji, da Botorami. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da yawa daga cikinsu a littattafansa shida na Tatsuniyoyi da Wasanni tun farkon shekarun 1970. Abubakar Imam ya ɗora Magana Jari Ce kacokan a bakin aku. Waƙa kuwa, duk goma ga azumi yaran Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar suna fitowa tashe da gemun auduga da tsumma a ciki, suna wasan barkwanci mai kiɗa da amshi ba tare da wani ya rubuta musu ba. Kayan haɗin duk suna nan a warwatse.

Sai dai ina roƙon kada wani ya ɗauko tatsuniya yadda take ya zuba a bakin safa ya ce ya farfaɗo da al'ada. Wannan adana kayan tarihi ne. A kawo Gizo kasuwar Maigatari ranar Alhamis a ba shi dillanci. Ya sayar da sa ɗaya ga mutum biyu, ɗaya ya biya da naira ɗaya da sefa, lissafin canji ya rikice masa, Kura kuma ta zo a matsayin mai karɓar haraji tana lashe baki tana kallon san. Yaro zai yi dariyar muryar da gudun da za a yi a ƙarshe, ubansa da ya wuni a kara zai yi dariyar abin da ya sani. Wasan iyali ke nan, mutum biyu su yi dariya a wuri ɗaya kowa da dalilinsa. Miss Piggy ta Muppets alade ce, ba mai kawo ta tsakar gidanmu, amma dabarar rubuta magana mai hawa biyu ba ta da ƙabila.

Maganar Yaya kuwa ban ɗauke ta da wasa ba, domin ba shi kaɗai ba ne, kuma duk mai son yin wannan aiki a garuruwanmu zai gamu da ita. Abin da na tuna masa shi ne ya tabbata a hadisi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), kuma malamai da dama sun kafa hujja da haka wajen sassauta abin wasan yara. Ni ba malami ba ne, wanda zai yi ya je ya zauna da malamin unguwarsu tun kafin ya fara, ya nuna masa rubutun. Ya fi a bari sai an gama a ji sunanka a huɗuba. Yaya bai ce ya yarda ba, ya dai ce, "To a bar kiɗan nan mai yawa," ya fita. A wurin Yaya wannan ba ƙaramin rangwame ba ne.

Kada in yi ta ba ku shawarar abin da ban taɓa ba, na gwada. Na samu tsohuwar safa, na ɗinka mata maɓallai, na yi wa Gizo ƙafafu da igiyar rama, na rubuta shafi uku. Na ɗaura zanin yayata tsakanin turmi da ƙofar ɗaki na ɓuya. Minti biyu na farko lafiya. Daga nan Gizona ya fara bayani a kan muhimmancin wanke hannu da illar ƙarya da amfanin zuwa makaranta, duk a numfashi ɗaya. Da na leƙo, ƙaramar ta tafi bin kaza, babban yana tambaya ko wayata da caji. Ciwon da ke damun rubutunmu na manya shi ne ya biyo ni har bayan zani: ba mu yarda labari ya isa ba sai mun tsaya mun yi wa'azi. Babba zai daure maka saboda kunya. Yaro ba ya bin ka bashin komai.

Mako na biyu na yage shafi biyu na bar ɗaya. Na cire duk nasihar, na bar Gizo ya saci ƙosai ya ɓoye a hula, mai ya riƙa ɗigo masa a fuska yana rantsuwa zufa ce. Na sa ɗan amshi mai layi biyu da za su riƙa maimaitawa duk sanda ya yi ƙarya. Sau huɗu suka sa na maimaita wasan, har yaran maƙwabta suka shigo, kuma ba wanda na gaya wa ƙarya ba kyau, su da kansu suke ihu suna tona shi. Washegari na ji ƙaramar tana rera amshin a bakin rijiya.

Kakata ce kaɗai ba ta gamsu ba. Ta ce muryar ta yi kauri, na dabo-dabon gaske siririya ce kamar ta sauro, wai mutumin wani abu yake sawa a bakinsa. Ta ce in nemo mata tsinken kara da ɗan ƙyalle za ta gwada ko hannunta zai tuna yadda ta ga ana haɗawa. Na kawo mata tun shekaranjiya, suna nan a ƙarƙashin filonta.