Ayis kirim a garin shanu, madarar kuwa daga ƙetare

Tun da Babban Bankin Najeriya ya janye takunkumin canjin kuɗi kan shigo da madara a watan Maris na 2024 ake ta tafi, ana cewa an huta, kaya za su yi araha. Hujjar da ake kafawa tsohuwa ce: wai shanunmu ba su da nono, makiyayanmu sun ƙi zama wuri guda, don haka ba mu da mafita sai madarar waje. Maganar ta zauna a bakin mutane har ba a tambayar ingancinta, kuma ba gaskiya ba ce. Wanda yake son ganin irin asarar da take jawo mana, ya leƙa firjin kanti a Potiskum.

A zafin Afrilu, lokacin da rana take haura digiri 40 a garin nan, babu abin da ya kai ledar ayis kirim daɗi. Yaro ya miƙa kuɗinsa, mai kanti ya ɗaga murfin firji ya mayar da sauri kada sanyin ya fice, yaron ya ɓula gefen ledar da haƙori yana tsotsa, tana narkewa tana bin hannunsa. Masu yi wa iyaye faɗa cewa wannan almubazzaranci ne, ko wai shi ke kawo mura, su sarara mana. Mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma talakan da ya wuni cikin wannan rana yana da haƙƙin sanyaya maƙogwaronsa. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne abin da ke cikin ledar. Galibi garin madara ne da ya keto teku, sau da yawa ma wanda aka cire masa mansa aka maye da man itatuwa, aka dama da ruwa da sukari a wata masana'anta mai nisa. Ana shan wannan a garin da kasuwar shanunsa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, inda ake loda tireloli zuwa Kudu kowane mako. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. A 2019 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, da bakinsa ya ce ƙasar nan tana kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 duk shekara kan madarar waje.

Za a ce saniyarmu lita ɗaya ko biyu take bayarwa a rana. Haka ne, to sai me? Indiya ba da manyan gonaki ta zama ta farko a duniya wajen samar da madara ba. Ƙungiyar Amul da aka kafa a Anand a 1946, da shirin madara na ƙasa da ya biyo baya a 1970, sun ginu ne kan mutanen ƙauye masu dabba ɗaya ko biyu, waɗanda suke kai ɗan abin da suka tatsa wurin tarawa safe da yamma, a auna, a sanyaya, a biya su. Yau Amul tana sayar da ayis kirim a duk faɗin Indiya. A nan kuwa da damina nono yakan yi yawa har ya rasa mai saye, Bafulatana ta ɗauko ƙwarya ta yi tafiya mai nisa zuwa cikin gari, abin da bai ƙare ba ya yi tsami a sayar da shi a wulaƙance. Ina dalilin da zai sa maigidanta ya sayi dusa don ƙara yawan nonon da ba shi da kasuwa? Batun yawon makiyaya ma ba ya buƙatar dogon bayani: wanda ya samu ruwa da abincin dabba da mai sayen nono a ƙofarsa ba sai an roƙe shi ya zauna ba.

Abin da ya rage shi ne sanyi, sanyi kuwa wuta ne, kuma nan ciwon yake. Ɗanyen nono ba ya jure 'yan sa'o'i a zafinmu in ba a sanyaya shi ba. Shekara da shekaru mai kanti a Potiskum yana riƙe firjinsa da janareta, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kowace leda tana ɗauke da kuɗin mai. Shi ya sa wani lokaci za ka sayi wadda ta narke ta sake daskarewa, duk ta zama ƙanƙara-ƙanƙara. Garin da bai iya riƙe sanyin firji ɗaya ba, a zo a ɗora laifin rashin madara kan saniya!

Takunkumin da aka janye, wanda Babban Banki ya sa a 2020, ba tsarkakakke ba ne, tunda kamfanoni shida kawai ya bai wa damar shigo da madara. Amma da sharaɗi ya ba su, cewa su zuba jari a nonon gida, kuma an ga gonar kamfanin Arla a Damau ta Jihar Kaduna. Yanzu an saki wannan linzami ba tare da an kafa wani a madadinsa ba. Gwamnatin Yobe ba sai ta jira Abuja ba. Ya kamata ta kafa wuraren tara nono masu firjin sola a ƙauyukan Potiskum da Fika da Nangere, ta damƙa su ga ƙungiyoyin matan makiyaya, sannan ta nemo mai sarrafawa ya kafa injinsa kusa da kasuwar shanu.